Sola a Gwarzo da Kabo: Wa Zai Gyara Idan Ta Lalace?

Titin da ya tashi daga Kabuga a birnin Kano ya nufi yamma, ya ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo, ya shiga Gwarzo kafin ya faɗa Dayi a Jihar Katsina, ya ishi mai lura ya gane inda maganar wutar sola ta kwana a ƙasar nan. Tun a farkon hanyar, cikin sabon mazaunin Jami'ar Bayero, akwai tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 wadda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a watan Satumban 2019. Da an bar gari sai abin ya ƙanƙance: faranti ɗaya ko biyu a rufin shagon mai cajin waya, wasu a kan masallacin Juma'a ko ƙaramin asibiti, wasu a gefen tankin rijiyar burtsatse, ga kuma fitilun kan titi da ake kafawa da sunan aikin mazaɓa. Wasu suna aiki lafiya lau. Wasu kuwa suna nan tsaye, fentinsu bai ko dushe ba, amma ruwa ya daina zuwa, fitila ta daina kamawa, kuma duk garin babu mai iya cewa ga abin da ya same su. Laifin ba na rana ba ne, domin ƙasar Kano tana cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a Najeriya. Farantin ma da wuya ya zama shi ne ya gaza, tunda nagari yakan yi shekara 20 zuwa 25 yana aiki. Sau da yawa abin da ya tsayar da aikin miliyoyin naira bai wuce fis ɗin da ya ƙone, ko wayar da ɓera ya gaigaye, ko batirin da aka tatsa har ya mutu ba.

A da ana iya kallon wannan a matsayin ƙaramar asara, yanzu kuwa babu hali. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa kimanin 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar gwamnati, kuma karkarar Arewa ce ta fi ɗaukar kaso. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000, sai janareta ya zama kayan ado a shaguna da yawa. A watan Oktoban 2024 lalacewar manyan layukan da suke kawo wuta Arewa ta bar Kano da maƙwabtanta cikin duhu fiye da mako guda. Ƙidayar 2006 ta ba Gwarzo mutum sama da 180,000, Kabo sama da 150,000, kuma tun daga lokacin jama'a ƙaruwa suke yi, buƙatarsu tana ƙaruwa tare da su. A gefe guda kuɗi suna tafe: a watan Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES da Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara take gudanarwa, da burin kai wuta ga mutum miliyan 17.5, sannan dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu da kansu. Kaya dai za su zo, ko ba jima ko ba daɗe. Ra'ayina shi ne ba za a ce an kai wa wani gari fasaha ba sai ranar da aka samu ɗan garin da zai iya kwance ta ya ɗaura, ya yi wa maƙwabcinsa bayaninta da bakinsa, ya kuma iya kallon wanda ya kawo ta ya ce masa wannan ba za ta yi mana ba, ga dalili.

Akan yi maganar bambancin al'ada kamar tsakanin Bature ne da Bahaushe kaɗai. Tazarar da ta fi yin ɓarna tana nan cikin gida, tsakanin injiniyan da ya yi karatu da Turanci, yake tunani da lissafin wat da amfiya, da manomin Getso ko Gude wanda yake auna wuta da ko za ta ja fanka har asuba, ko za ta shayar da fangalin albasa kafin la'asar. Wataƙila ma dukansu Hausawa ne, amma hanyar da kowa ya saba karɓar ilimi daban ce. Na farko ya saba da littafi da allo da taron bita na kwana biyu a otal, a tashi a raba takardar shaida da kuɗin mota. Na biyu duk abin da ya iya da kunne da ido da hannu ya koye shi, a gindin wani: noma a bayan mahaifi, ƙira a maƙera, gyaran babur a garejin maigida, inda yaro zai shekara yana miƙa sifana kafin a bar shi ya buɗe inji. Takardar bayanin da take zuwa cikin kwali da Turanci ko Sinanci take, alhali a ƙauye akwai dattawa da matan aure da yawa da suka fi sakewa da ajami a kan boko, wasu kuma rediyo ce makarantarsu. Idan aka kawo ilimi ta ƙofar da mutane ba sa bi, aka ga bai shiga ba, sai a koma ofis a rubuta cewa mutanen ƙauye ba su waye ba. Wannan hukunci zalunci ne, kuma tarihin yankin kansa ya ƙaryata shi.

Hujja mafi kusa ita ce injin ban ruwa. Kafin shekarun 1980 mai lambu a fadama da jigo yake ɗibar ruwa, guga bayan guga. Da aka kafa hukumar raya noma ta Jihar Kano, KNARDA, a farkon shekarun 1980 da tallafin Bankin Duniya, shirin Fadama na ƙasa kuma ya biyo baya a farkon shekarun 1990, sai ƙaramin injin fetur da 'yar rijiyar bututu mai gajeren zurfi suka bazu ko'ina. Yau a bakin madatsun ruwa irin Guzu-Guzu da Magaga a ƙasar Kabo, da duk wani rafi da yake riƙe ruwa zuwa bazara, ba a maganar noman rani babu inji. Injin nan baƙo ne, daga Japan ya fara zuwa kafin na Sin ya cika kasuwa, mai fistin da fulogi da kafireto, kuma ya fi farantin sola wuyar sha'ani nesa ba kusa ba. Duk da haka ya zauna daram, saboda ya tarar da masu gyaran babur da injin niƙa waɗanda suka buɗe cikinsa suka gane shi, kayan gyaransa suka shiga kasuwannin ƙauye, mai haƙa rijiyar ma ya zama ɗan gari. Har ta kai bayan tsadar fetur a 2023 manoma da makanikai a Kano da Jigawa suka riƙa sauya kafireton injin ya koma aiki da gas ɗin girki, ba tare da sun jira wani shiri ko wani taro ba. Mutanen da suka iya wannan, ba za a ce sola ta fi ƙarfin kansu ba.

Ilimin da ake magana kuwa ba wani mai zurfi ba ne, rashinsa ne yake da tsada. Farantin wat 300 abin da zai tara a yini mai kyau bai fi yunit ɗaya da rabi ba. Zai riƙe ƙwayaye da fanka da cajin waya, amma dutsen guga zai lashe shi cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci. A ƙasarmu ana so faranti ya ɗan karkata yana kallon kudu. Inuwar reshen darbejiya guda da ta faɗa gefensa tana iya rage ƙarfin duk layin da aka jona tare. Da hunturu ƙura takan kwanta a kan gilashin ta danne haske, maganinta ruwa ne da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya ɗauki zafi, domin goge busasshiyar ƙura karce take jawowa. Batir mai ruwa ba a so a ja shi ƙasa da rabi, ruwan da ake ƙara masa tataccen ruwan batir ne, na rijiya kashe shi yake yi, kuma zafin Maris da Afrilu a ɗakin kwano marar taga yana rage masa kwana. Duk wannan ana iya faɗarsa da Hausa a zama ɗaya. Magidancin da ya sayar da sansa ya sa sola, babu wanda ya gaya masa komai, batir ya mutu kafin shekara, ba zai ce an ɓoye masa ilimi ba. Cewa zai yi sola yaudara ce, kuma maganarsa a majalisar ƙofar gida ta fi kowace talla tasiri.

Injin ban ruwa na sola ya nuna cewa ilimin ba a hannun ɓangare ɗaya yake ba. Ƙarfinsa bin rana yake yi, ya fi kawo ruwa da tsakar rana, daidai lokacin da mai lambu ya san ƙasa ta fi saurin shanyewa, shi ya sa da yawa suka fi son ban ruwan safe ko na yamma. Sai dai a sake tsari, ko a yi tanki ko ɗan tafki a tara ruwan. Injin fetur ana ɗora shi a babur a koma da shi gida da magariba, faranti kuwa idan an kafe shi a gona can zai kwana, ɓarawo yana kallo. Gonar rani ma sau da yawa ta haya ce, bana nan baɗi can, wa zai kafa ƙarfe da siminti a filin da ba nasa ba? Injiniya ya san zurfin da famfonsa zai iya jawo ruwa. Manomi ne ya san rijiyar da take ja baya a watan Afrilu, da gonar da ba a barin kaya a cikinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk zanen da aka gama a ofis kafin a ji ta bakinsa, rabin bayani aka yi aiki da shi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne madafi. Mafi yawan makamashin da gidan ƙauye yake ci wutar girki ce: itace, kara, totuwar masara, gawayi. A dubi yadda ake tuƙa tuwon gida mai mutum 15 ko 20. Tukunya ce babba mai zagayayyen gindi, zaune a kan duwatsu uku. Uwargida ta yi talge, ta zuba gari, ta kama muciya da hannu biyu tana tuƙi da ƙarfin kafaɗa, wani lokaci sai ta sa tsumma ta tokare bakin tukunyar don kada ta goce. Tana son wuta ta yi ƙarfi kafin ruwa ya tafasa, sannan ta ja itace baya idan za ta bar tuwo ya sulala. Kara kuwa dogo ne, tura shi ake yi a hankali yana ci. Murhun da aka zana a wata ƙasa domin shinkafar mutum huɗu, mai ƙaramin baki wanda sai an faskara itace ƙanana-ƙanana, wanda yake rawa da an sa muciya, mako ɗaya zai yi ya koma wurin kife kwanuka. Ga kuma lokacin girki: tuwon dare daga la'asar zuwa magariba, ɗumame da koko kafin rana ta ɗaga, ga sahur da azumi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa murhun da yake dafa abinci da hasken rana kai tsaye, irin wanda Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, ta daɗe tana ƙerawa, bai shiga gidaje yadda aka yi fata ba, duk da cewa yana dafawa ƙwarai idan rana ta take. Sannan wa ake koya wa? A gidaje da yawa baƙo namiji ba ya wuce zaure. Taron da aka yi a ƙofar gidan dagaci a kan murhu, maza zalla, taro ne da babu mai girki ko ɗaya a cikinsa.

A watan Nuwamban 2014 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 domin sayo murhu 750,000 da jakunkunan riƙe zafi 18,000 a raba wa matan karkara. Maganar ta ƙare a rigimar kwangila, jaridu suka riƙa nuna kayan jibge a babban filin wasa na Abuja. Ko da an raba su kaf, da sauran aiki, domin murhu ba ya koya wa mace yadda za ta yi da shi. A gwada wannan da hanyar da ƙungiyar DARE ta Kaduna, ƙarƙashin Yahaya Ahmed, ta bi da murhun Save80 tare da ƙungiyar atmosfair ta Jamus: a harhaɗa murhun a nan gida, a yi girki da shi a gaban mata su ga yawan itacen da ya ci, a sayar a biya kaɗan-kaɗan. Yanzu ma a Kano ake ƙera shi. A Jamhuriyar Nijar kuma tun shekarun 1980 aka ɗora ƙirar murhun ƙarfe na Mai Sauƙi a hannun maƙeran gari, ya zama kayan kasuwa kamar kasko da tukunya, wanda idan ya huje an san inda za a kai shi.

Wanda ya fi kowa gane wannan a kusa da mu shi ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya fito daga gidan masu ginin tukwane. A tsakiyar shekarun 1990 ya ɗauki abin da kowace mai randa ta sani, cewa ruwan da yake tsatsowa ta jikin yumɓu yana sanyaya abin da yake ciki, ya mai da shi firjin da ba ya son wuta: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen ƙyalle a baki. Gautar da take lalacewa a kwana 3 ta riƙa kai kwana 27, tumatir da barkono suna yin makonni. Maginan gari ya sa suka gina tukwanen, dubban farko da kuɗin aljihunsa. Da ya ga bayanin baki bai wadatar ba, sai ya shirya wasan kwaikwayo da Hausa, aka ɗauka a bidiyo, ana kafa farin ƙyalle a dandalin ƙauye da dare ana nunawa. A shekarar 2000 ya samu kyautar Rolex. Ƙirƙirar tasa mai sauƙi ce, amma abin koyi shi ne bai raba ta da hanyar isar da ita ba: mai ginawa ɗan gari, mai bayani ɗan gari, harshen bayanin na gari.

Labarin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ya ƙara da wani abu. Bayan shekaru ana dasa itatuwan da suke mutuwa, a 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da ƙungiyar SIM, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sarewa lokacin sharar gona rassa ne na kututturan da saiwoyinsu suke raye a ƙasa. Idan aka bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka sassabe sauran, itace zai dawo. Lokacin yunwar 1984 an haɗa abin da rabon abinci, kuma da abincin ya ƙare manoma da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu ne suka fara samun itacen girki da abincin dabbobi a cikin gonarsu, ga gero yana kyau a gindin gawo, sai maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, musamman da manoma suka samu tabbacin cewa itacen da suka rena nasu ne, ba na ma'aikatan gandun daji ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hanyar ta kai hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. Kyauta ba ta riƙe mutane ba. Amfanin da suka gani da mallakar da suka tabbatar su ne suka riƙe su. Wannan ya shafi Gwarzo da Kabo kai tsaye, domin duk mai shirin mai da kara ya zama gawayi ko kashin shanu ya zama gas, dole ya san cewa ba shara ya tarar ba. Kara danni ne da abincin dabba da makamashi, kashin shanu kuma taki ne, wanda a kansa manomi da makiyayi suka daɗe suna ƙulla yarjejeniyar sauka a gona bayan girbi.

Za a ce duk wannan dogon zance ne, matsalar talauci ce: mutum ya san amfanin sola sarai, kuɗin ne babu. Akwai gaskiya babba a nan, domin sola kuɗinta a gaba ake biya, fetur kuwa kullum kaɗan-kaɗan, kuma manomin da kuɗinsa suke zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara ba zai iya biyan wata-wata irin na ma'aikaci ba. To amma tsarin biya ma ilimi ne da al'ada take shiga cikinsa. Idan dillali ya buɗe bakinsa da maganar kuɗin ruwa, magidanci mai tsoron Allah zai tashi ya bar wurin, ko da kayan sun burge shi. Fiƙihu kuwa yana da ƙofofi sanannu, irin murabaha, inda ake yanke farashi tun farko a biya a hankali, da ijara, hayar da take iya ƙarewa da mallaka, kuma bankin Jaiz yana aiki da irinsu tun 2012. Mata suna da adashi, manoma suna da lokacin kaka. Kamfanin da ya zauna da malaman gari ya tsara yarjejeniyarsa, ya ɗora biyan a kan girbi, ya rage rabin matsalar kuɗin. Sannan talaka ne ya fi kowa buƙatar sani, domin mai kuɗi idan batir ya mutu wani zai saya, shi kuwa talaka sau ɗaya zai iya yin kuskuren.

Wasu kuma za su ce kasuwa ta riga ta gama aikin: babu wanda ya yi wa masu cajin waya bita, ga shi sun cika ko'ina da faranti, don haka a bar mutane su koya da kansu, koyarwa ɓata lokaci ce ga ƙasar da take son kai wuta ga miliyoyi. Wannan hujja tana goyon bayan abin da nake faɗa fiye da yadda take rushe shi, domin ta nuna mutane suna koya idan abin ya shigo ta hannun nasu. Sai dai koyon da kasuwa take yi da asarar talaka ake biyansa. Akwai farantin da aka liƙa wa lambar wat da ta fi ƙarfinsa, akwai tsohon batir da aka wanke aka sa a sabon kwali, akwai siririyar wayar da take zafi har ta tayar da gobara. Akwai kuma abin da kasuwa ba za ta taɓa koyarwa ba, saboda babu riba a faɗarsa: batir mai ruwa cike yake da dalma. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka rasu a unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal sakamakon gubar dalma daga fasa tsofaffin batura. Mu ma mun ga aikin dalma a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinare ta fito. Kowane batirin sola da aka sa yau, nan da 'yan shekaru zai faɗa hannun 'yan gwangwan. Idan ba a gaya wa mutane tun yanzu cewa ba a fasa shi a tsakar gida ba, ba a zubar da ruwansa kusa da rijiya ba, to an kawo haske tare da cuta.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu cewa yawan girmama al'ada yakan zama uzurin barin mutane cikin cutarwa, kuma bin ta hannun masu gari yana nufin kayan za su tsaya a gidajen manya. Dukansu gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya a 2020, kuma mace da goyonta su ne suka fi shaƙa. Babu wata al'ada da za ta sa a yi shiru a kan wannan, kuma murhun duwatsu uku, duk dacewarsa da tuwo, yana cin itace yana cin huhu. Sauraron mutane hanya ce ta sa gyaran ya kama, ba ta fasa gyaran ba. Kano ta ga haka a rigakafin shan inna. A 2003 jihar ta dakatar da shi saboda rashin yarda, wanda abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a 1996 ya ƙara wa ƙarfi. An dawo da shi a 2004, amma bai kankama ba sai da sarakuna da malamai suka shigo, aka kuma ɗauki mata 'yan unguwa suna shiga gida-gida suna magana da 'yan'uwansu mata. A watan Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Masu kai maganin ne suka canza. Game da manya kuwa, izinin dagaci wajibi ne, amma izini daban, rabo daban. A nemi albarkar mai gari, sannan a yi lissafin kuɗin gyara da sunayen masu amfana a bainar jama'a, da ƙungiyar manoman rani da ta mata da wakilan rugage a zaune, domin Bafulatanin da yake shayar da garke a rijiyar shi ma mai ruwa da tsaki ne.

Ana kuma tsoron cewa yaron da aka koya wa aikin zai tattara ya tafi birni. Wasu za su tafi, kuma babu laifi. Maganinsa shi ne a zaɓi wanda ya riga ya kafu: mai gyaran rediyo ko waya ko injin ban ruwa, mai shago da iyali da yaran da yake koya wa sana'a, a ba shi mita da kayan aiki, a haɗa shi da mai sayar da kayan gyara, a biya shi ladan aikinsa. Yankin bai rasa inda za a yi wannan ba. Makarantar Nazarin Muhalli ta kwalejin fasaha ta Jihar Kano tana nan a Gwarzo, kuma a 2022 gwamnatin tarayya ta amince da kafa kwalejin fasaha a Kabo. Babu abin da zai hana su buɗe gajeren kwas da Hausa, na hannu, wanda ba a neman takardar sakandare kafin a shiga, da aji na mata wanda mata suke koyarwa, tunda su ne za su iya wuce zaure. Gidajen rediyon Kano da manomi yake rataye da su a gona za su iya ware wa abin fili, inda mai gyara zai amsa tambayar mai saurare. Gargaɗin da yake jikin batir da inbata ma a rubuta shi da boko da ajami.

Kuɗin duk wannan ɗan kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin kayan, abin da yake buƙata shi ne a sa shi cikin yarjejeniya tun farko, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai aikin ya shekara biyu yana tafiya. Don haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, da 'yan majalisar da suke kawo ayyukan mazaɓa, da hakimai da dagatan da ake gayyata bikin buɗewa: kafin ku karɓi wani sabon aikin sola da sunan jama'arku, ku sa a kawo muku mutumin garin da aka koya wa gyaransa, ya gwada a gabanku, a nuna muku inda za a sayi kayan gyara da asusun da za a biya shi. Idan babu waɗannan, aikin bai kammala ba, kada ku sa hannu.